Wayarka a Tsakiyar Teku: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Hau Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da bidiyon manyan jiragen ruwan nan masu kama da unguwa guda a kan teku, da wuraren ninƙaya a sama, da gidajen abinci da na kallo a ciki. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Miami na Amurka a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, hawansa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Ƙungiyar kamfanonin wannan harka, CLIA, ta ce mutum miliyan 34.6 ne suka yi irin wannan tafiya a shekarar 2024.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yadda wayar hannu ke komawa wata aba daban da zarar jirgi ya bar gaɓa. A can ita ce tikitinka, ita ce taswirarka, da ita kake ganin jadawalin ranar da lissafin kuɗin da ka kashe. Kuma ita ce dai za ta iya cinye maka kuɗi masu yawa cikin dare ɗaya, ko ta nuna maka lokacin da zai sa jirgi ya tafi ya bar ka a ƙasar da ba ka san kowa ba. Ga bayanin yadda abin yake aiki, da shirin da ya kamata wanda zai hau a karo na farko ya yi.

Daga ina sabis yake zuwa a tsakiyar teku?

Turakun sadarwa da ke kan tudu ba sa kai sigina nesa cikin ruwa. Saboda haka manyan jiragen suna ɗauke da nasu ƙananan eriyoyi a ciki, waɗanda ke haɗe da tauraron ɗan Adam. Kamfanoni na musamman ne ke gudanar da wannan sabis, kamar Cellular at Sea da Telenor Maritime. Yawanci ana kashe shi idan jirgi yana tasha ko kusa da ƙasa, a kunna shi idan an yi nisan kamar mil 12 na teku daga gaɓa, wato wajen kilomita 22.

Wayarka ba za ta tambaye ka ba kafin ta hau wannan layi. Idan ka bar romin a kunne, wato tsarin da layinka ke aron sabis ɗin wani kamfani idan ka fita waje, za ka ga sunan sabis ɗin ya canza a saman waya, wani lokaci ma lambobi ne kawai da suka fara da 901. Wannan lamba alama ce ta layin da ba na wata ƙasa ba.

Matsalar a farashi take. Kunshin romin da ka saya don Italiya ko Dubai ba lallai ya haɗa da layin teku ba, kuma galibi bai haɗa ba. Ko dokar Tarayyar Turai ta 2017, wadda ta ba masu layin Turai damar amfani da datarsu a ƙasashen ƙungiyar ba tare da ƙarin kuɗi ba, ba ta shafi layin tauraron da ke cikin jirgin ruwa ba. Ka ɗauka, a misali, ana cajin dala 2 kan kowane megabait. Manhaja guda mai nauyin megabait 150 ta sabunta kanta kana barci, dala 300 ke nan. Mai layin da ake sa wa kati zai wayi gari ba ko kwabo, mai biyan kuɗi a ƙarshen wata kuma takardar bashi ce za ta tarbe shi a gida.

Maganin yana da sauƙi. Kafin jirgi ya ɗaga, ka danna maɓallin nan mai hoton jirgin sama wanda ke katse dukkan sabis, sannan ka kunna Wi-Fi shi kaɗai. Ka shiga saitin waya ka kashe datar romin a kan dukkan layukanka, domin yawancinmu SIM biyu muke sakawa, kuma an fi manta na biyun.

Wi-Fi na jirgi da zuwan Starlink

A da, intanet ɗin jirgin ruwa ya yi suna wajen tsada da jan jiki. Dalili shi ne taurarin da ake amfani da su suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Duk abin da ka danna sai ya hau sama ya sauko, amsarsa ma ta hau ta sauko, tafiyar da ta haura kilomita 140,000. Ko da gudun haske, wannan na cin kusan rabin daƙiƙa, shi ya sa kiran bidiyo ke yankewa, mutum biyu su riƙa magana a tare.

Taurarin Starlink suna zagaye ne a nisan wajen kilomita 550, don haka jinkirin ya ragu ƙwarai. Royal Caribbean ya sanar da komawa Starlink a watan Agustan 2022, rukunin Carnival kuma ya kammala saka shi a dukkan jiragensa a 2024. Fasahar nan ce dai da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023.

Sai dai saurin bai sa ya zama kyauta ba. A manyan kamfanoni kuɗin Wi-Fi yakan kama daga wajen dala 15 zuwa 30 a rana kan na'ura guda, kuma ya fi araha idan ka saya ta manhajar kamfanin kafin ranar tafiya. Wasu suna da ƙaramin kunshi na WhatsApp da shafukan sada zumunta kawai, da babba na kallon bidiyo da kira. "Na'ura guda" a mafi yawan jirage na nufin guda a lokaci ɗaya, wato za ka iya fita daga waya ka shiga ta kwamfuta, amma wasu kamfanonin suna ɗaure kunshin a kan na'urar da aka fara shiga da ita, don haka ka karanta sharaɗin. Ka kuma tuna mutum dubbai ne ke raba layin, saboda haka ya fi gudu da asuba da tsakar dare.

Idan jirgi ya tsaya a tasha, nan ne eSIM na matafiya, irin na Airalo ko Holafly, yake da amfani. Yana hawa sabis ɗin ƙasar da kuka sauka a farashi mai sauƙi, amma irin wanda aka saba saya ba ya aiki a tsakiyar teku.

Abin da za ka gama tun kana gida

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ka sauke manhajar kamfanin jirgin tun kana da data mai araha, ka yi rajistar shiga, ka ɗora hoton fasfo, ka zaɓi lokacin isa tasha. A cikin jirgi manhajar tana aiki a kan Wi-Fi ko ba ka sayi intanet ba: tana nuna taswirar hawa-hawa, lokutan abinci, da abin da aka rubuta a asusunka. Wasu suna da wurin aika saƙo tsakanin fasinjoji, kyauta ko da ɗan ƙaramin kuɗi. Duk da haka ka ɗauki hoton tikitinka a waya, ka kuma buga shi a takarda, don batir ba ya sallama kafin ya mutu.

Ka sauke taswirar kowane gari da za ku tsaya a Google Maps ta yadda za ta buɗe ba intanet. Google Translate ma yana bari a sauke harsuna, kuma Hausa na cikin waɗanda aka ƙara a farkon 2023. Finafinai, karatu da littattafai, duk ka loda su tun a gida. Sannan ka tsayar da sabunta manhajoji da kai-tsaye, da kwafe hotuna zuwa Google Photos ko iCloud, domin su ne ke shanye layi a ɓoye.

Akwai wata matsala da ba a cika tunawa da ita ba: lambar sirrin nan ta OTP da banki ke turowa ta saƙon tes. Waya a yanayin jirgin sama ba ta karɓar tes. Kafin tafiya ka tambayi bankinka ko zai riƙa turo lambar ta imel ko ta manhajar token. Asusun Google da Facebook kuma ka mayar da tabbatarwarsu kan manhaja irin Google Authenticator, wadda ke ba da lamba ko babu sabis. Kada ka goge WhatsApp ko ka canza waya a tsakiyar tafiya, don sake shiga na buƙatar lambar da za a turo wa layinka.

Katin ɗaki shi ne aljihunka

A cikin jirgi ba a cinikin tsabar kuɗi. Ana ba ka kati guda: da shi kake buɗe ɗaki, da shi kake sayayya, shi ake dubawa duk lokacin da za ka sauka ko ka dawo. Royal Caribbean na kiransa SeaPass, Carnival kuma Sail & Sign. Kamfanin Princess ya maye gurbinsa da wata 'yar na'ura mai girman kwabo, Medallion, da aka fara nunawa a baje kolin fasaha na CES a 2017. Tana aiki da Bluetooth da NFC, tana buɗe ƙofa da zarar ka matso.

Ana haɗa katin da katin bankinka, kuma kamfani yakan riƙe wani adadi a matsayin jingina tun ranar farko. Katunan naira suna da iyakar abin da za su iya kashewa a waje, saboda haka ka tabbatar da naka a banki, ko ka tanadi katin dala, ko ka ajiye tsabar kuɗi a teburin kula da baƙi. Ka kuma san cewa manyan kamfanonin Amurka suna ƙara kuɗin ihsani na ma'aikata a asusunka kowace rana, wajen dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum. A tafiyar kwana 7, mutum biyu za su biya sama da dala 200 a wannan kaɗai. Ka riƙa duba asusun a manhaja kullum, ka yi ƙorafi da wuri idan ka ga kuskure. Asibitin cikin jirgi ma na kuɗi ne, kuma da tsada, don haka inshorar tafiya ba abin wasa ba ce.

Caji, soket da kayan da ake ƙwacewa

Yawancin ɗakuna suna da soket irin na Amurka mai bolt 110 da irin na Turai mai ƙafa biyu zagayayyu mai bolt 220. Cajar Najeriya da Ghana mai ƙafa uku irin ta Ingila ba za ta shiga ko ɗaya ba sai da adafta, sai fa a jiragen Birtaniya kamar na P&O da Cunard. Wanda ya taso daga Nijar, cajarsa za ta shiga na Turai. Ka duba jikin cajarka: idan an rubuta 100 zuwa 240, za ta yi aiki a duka biyun.

Kada ka ɗauko ekstenshan, musamman mai kariya daga hawan wuta. An ƙera irinsa ne don wayarin na gida, tsarin wutar jirgi kuwa daban yake, don haka zai iya yin zafi ya kama da wuta. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2013. A 2024 Royal Caribbean ya faɗaɗa haramcin zuwa filogi mai baki da yawa. Abin da ya fi tsira shi ne caja guda mai ramukan USB da yawa. Dutsen guga, hita, kyandir da turaren wuta duk an hana su, saboda gobara ce babbar abar tsoro a teku.

Carnival ya hana shiga da lasifikar Bluetooth tun ƙarshen 2024, ya kuma hana na'urar rarraba Wi-Fi da kwanon tauraro irin Starlink Mini. Ƙaramin jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, ko a inda aka bari a shigo da shi, ba a yarda a tashe shi daga cikin jirgi ba. Dokokin sun bambanta kuma suna canzawa, don haka ka karanta jerin kayan da aka hana a shafin kamfaninka kafin ka ɗaure jaka.

Fawa bank kuwa, tunda sai ka hau jirgin sama kafin ka isa tashar ruwa, ka sa shi a jakar hannu. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato kusan 27,000mAh. Mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, ya wuce lafiya.

Agogon jirgi shi ne agogo

Nan ne waya ta fi yaudarar mutane. Jirgi yana da nasa lokacin, kuma ba kullum yake daidai da na garin da aka tsaya ba. Misali, a lokacin zafi agogon tsibirin Cozumel na Meziko yana bayan na Miami da awa guda. Idan jirgi ya ci gaba da bin lokacin Miami, kai kuma wayarka ta hau sabis ɗin gari ta gyara kanta, za ta nuna maka 3:30 alhali a jirgi 4:30 ta yi.

Ana son kowa ya dawo yawanci minti 30 kafin tashi. Wanda ya fita yawo da tawagar da kamfanin jirgi ya shirya, ana jiransa idan tawagar ta makara. Wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi na iya tafiya, shi zai nemi hanyar cimma shi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, ga kuma batun biza. Saboda haka ka kashe saita lokaci da kai-tsaye, ka saita da hannu daidai da agogon jirgi, ka sa ƙararrawa awa guda kafin lokacin dawowa. Kafin ka sauka, ka ɗauki hoton jadawalin ranar, domin a nan ake rubuta lambar wakilin jirgi na wannan tasha.

Atisayen gaggawa ba zaɓi ba ne

A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu. Fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen gaggawa ba. Bayan haka aka gyara yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, kuma daga 2015 ya zama dole a yi atisayen kafin tashi ko nan take bayan tashi.

Tun bayan korona kamfanoni da yawa sun mayar da rabin aikin cikin waya: ka kalli bidiyon yadda ake sa rigar ceto a manhaja, sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin taruwarka a duba katinka. Kada ka bar bidiyon yana tafiya kana hira. Ka riƙe alamar gaggawa a ka: ƙarar jiniya gajeru 7, sai doguwa 1. Ka kuma haddace hanyar wurin taruwa ta matakala, don a ranar tashin hankali ba a dogara da lif ko da manhaja.

Alƙibla da lokutan sallah

Kamfas ɗin waya yana dogara ne da maganaɗisun ƙasa, jirgi kuwa ƙarfe ne tun daga bango har rufi, don haka kibiyar manhajar alƙibla tana iya karkacewa a cikin ɗaki. GPS yana aiki ko waya na yanayin jirgin sama, amma sai ka fita inda sama take a buɗe. Hanya mafi inganci ita ce ka duba tashar talabijin ta ɗaki da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, ka kwatanta da taswira, ko ka tambayi ma'aikata, da yawansu Musulmi ne daga Indonesiya da Indiya. Lokutan sallah ma suna sauyawa da tafiya, saboda haka ka sabunta wurin da kake a manhaja kowace rana, ka kuma lura da wane agogo take lissafi.

Batun abincin halal, ka sanar da kamfani makonni kafin tafiya. Mai son jirgin da aka tsara da wannan tun asali, akwai AROYA na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a watan Disambar 2024, babu giya babu gidan caca, akwai kuma wuraren sallah.

Ladabin riƙe waya a cikin jama'a

Jirgi gida ne na haya da dubban mutane daga ƙasashe daban-daban. Ka sa iyafis idan za ka kalli bidiyo ko ka saurari saƙon murya. Kiran bidiyo a baranda da daddare, maƙwabta na jin komai. Kada ka ɗauki hoton mutane a wurin ninƙaya, musamman mata da yara, kuma ka nemi izinin ma'aikaci kafin ka sa shi a bidiyonka, domin yana bakin aikinsa ne kuma zai ji nauyin ce maka a'a. A gidan kallo ka rage hasken waya, ka bi sanarwa idan an hana ɗauka.

Kada neman hoto ya kai ka hawa kan shingen baranda. A watan Oktoban 2019 Royal Caribbean ya haramta wa wata mata hawa jiragensa har abada bayan an gan ta tsaye a kan shingen barandar jirgin Allure of the Seas ana ɗaukar ta hoto. Ka ɗaura wa wayarka igiyar hannu, don abin da ya faɗa teku ya tafi ke nan. Ba a jefa komai cikin ruwa, ba a ajiye tawul a kama kujera tun safe a ɓace, kuma a bar wa tsofaffi da masu keken guragu lif.

Sai tsabta. Cutar amai da gudawa ta norobairos tana yaɗuwa da sauri a wuri mai cunkoso, kuma man goge hannu ba ya kashe ta kamar yadda sabulu da ruwa ke wanke ta. Ka wanke hannu na daƙiƙa 20 kafin cin abinci, ka riƙa goge fuskar wayarka, kada ka ajiye ta kusa da kwanukan da kowa ke ɗiba.

Takardu kafin komai

Jirgi guda na iya ratsa ƙasashe huɗu cikin mako, kuma nauyin biza a kanka yake. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana da zai tashi daga Miami yana buƙatar bizar Amurka mai shiga da fita sau da yawa. A tekun Bahar Rum, idan jirgi zai fita yankin Shengen ya dawo, misali ya leƙa Turkiyya, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Idan takardunka ba su cika ba, za a hana ka hawa, kuma da wuya a mayar maka da kuɗi. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata 6 bayan ƙarshen tafiya, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara. Matasa su lura da shekaru: a jiragen Royal Caribbean da ke tashi daga Amurka sai mai shekara 21 ke kama ɗaki shi kaɗai, a masu tashi daga Turai kuma 18.

Ranar da za ka hau, kafin ka fara ɗaukar bidiyo, ka tsaya minti biyar ka yi abu huɗu: ka katse sabis ka kunna Wi-Fi, ka saita agogo da hannu, ka je wurin taruwar gaggawa, ka ɗauki hoton lambar ɗakinka da hawan da yake. Bayan nan sai ka hau sama ka kalli yadda gari ke ja da baya. Allah ya kiyaye hanya.